Coton Sport ta Garwa: daga ƙwallon ma'aikata zuwa ƙwallon albashi

Akwai wata gardama da ba ta mutuwa a teburin mai shayin unguwarmu nan Garwa, da zarar hira ta yi sanyi sai wani ya tado ta: wai wace shekara ce Coton Sport ta zama ekip ta ƙwararru? Yara masu waya a hannu nan take za su ce maka 2011, don a shekarar aka kafa lig ɗin ƙwararru na Kamaru aka ɗora Janar Pierre Semengue a kansa. Shi kuwa kawuna, wanda ya yi aikin injin gurzar auduga har ya yi ritaya, dariya kawai yake yi, ya ce ɗana takarda ce aka sa wa hannu a Yawunde a 2011, amma yaran Coton sun daɗe suna karɓar albashi ƙarshen wata tun wasu daga cikinku na rarrafe. Na zauna na bi lamarin tun daga tushe, kuma gaskiya bayan kawu nake, duk da akwai inda ni da shi muka rabu.

Sai ka san yadda ƙwallon Kamaru take kafin Coton sannan za ka gane girman abin da ya faru. Tun da aka fara shampiyona, wato gasar ƙwallon ƙasa, bayan samun 'yancin kai, kofi tsakanin Duwala da Yawunde yake yawo, daga baya garuruwan yamma suka shigo. Oryx ta Duwala ita ta ci kofin zakarun Afirka na farko, Canon ta Yawunde ta ci sau uku, 1971 da 1978 da 1980, Union Duwala ta ci a 1979, ga Tonnerre ita ma da nata tashen. Mu arewa fa? Mun ba ƙasa shugabanta na farko, Ahmadu Ahijo ɗan garin nan ne, an gina mana sitad na Roumdé Adjia tun 1978, muna da tsohuwar ekip ɗinmu Etoile Filante da iyayenmu suke so kamar rai, amma kofin ƙasa bai taɓa tsallake Binuwai ya kwana a nan ba. Kuma ba wai yaranmu ba su iya ba ne, duk wanda ya ga wasan unguwa-unguwa na lokacin hutu a Yelwa ko Lopéré ko Poumpoumré ya san ƙafa akwai ta.

Matsalar hanya ce da kuɗi. Ekip ta kudu sau ɗaya ko biyu take hawowa arewa a shekara, ta yi ƙorafin zafi ta koma. Ekip ta arewa kuwa kusan duk bayan mako biyu sai ta sauka kudu, ka hau mota daga Garwa zuwa Ngaundere ka haura wannan dutsen mai lanƙwasa, ka jira jirgin ƙasa na yamma ka kwana a ciki ka wayi gari a Yawunde, in mash ɗin a Duwala ne ko Bafusam ko Bamenda ka sake hawa wata motar, ka isa ƙafafunka sun kumbura ka shiga fili washegari, sannan ka juyo ta hanyar da ka bi. Mutum ashirin da wani abu, tikiti, abinci, masauki. Wa zai biya? A wancan zamanin ekip ta mutum ɗaya ce, wani alhaji ɗan kasuwa ko wani babba a gwamnati, daga aljihunsa komai ke fita, 'yan wasan kuma ɗalibai ne da makanikai da masu jiran shago, in an ci a ba su ɗan firim, wato tukuicin nasara, in an sha kashi kowa ya kama gabansa. Ranar da kasuwar alhaji ta girgiza ko aka ɗauke babban zuwa wani gari, shikenan ekip ta zama labari. Wannan ita ce ƙwallon sha'awa da ake faɗa, sunan da daɗi, amma wanda ya yi ta ya san yunwarta.

Yadda aka fara

SODECOTON, kamfanin audugar Kamaru, an kafa ta a 1974, ta gaji aikin audugar da kamfanin Faransawa ke yi a arewa, hedikwatarta nan Garwa, kuma gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka a ciki. Aikinta kowa a nan ya sani: ta ba manomi iri da taki da maganin ƙwari bashi, kaka ta yi ta auna audugarsa ta cire bashinta, ta gurza ta fitar waje, guryar kuma a matse ta a yi man Diamaor da matanmu ke suya da shi, abin da ya rage a yi wa shanu abinci. Daga Kaélé zuwa Guider zuwa Ngong har Touboro babu ƙauyen da bai san motocinta ba. A 1986 ne aka kafa Coton Sport a cikin wannan gida, kuma asalinta ba wani babban buri ba ne, ekip ce ta ma'aikata, a tashi aiki a motsa jiki a kara da wasu. Abin dariyar ma shi ne lokacin farashin auduga ya faɗi warwas a kasuwar duniya, ƙasar kanta ta shiga matsin tattalin arziki, ba lokacin da mai hankali zai ce bari in zuba kuɗi a ƙwallo ba ne.

Shekarun farko a ƙananan rukuni ta yi su, filayen ƙasa, ƙura, alƙalin wasa da ke zuwa a kan moto. Kawu yana cewa a lokacin in ka je kallo rabin waɗanda ke gefen fili abokan aiki ne, kana ihu kana kiran ɗan wasa da sunan da ake tsokanarsa da shi. A hankali aka fara ɗauko yaran da ba ma'aikata ba, aka tsallake antarpul, wato gasar da zakarun larduna ke yi don neman hawa, farkon shekarun 1990 sai ga ta a rukuni na ɗaya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ya gigita masu albashi, amma ya ɗaga duk mai sayar da kaya waje, kuma auduga na cikin waɗanda suka farfaɗo. Ni dai a ganina ba banza ba ne shekara uku kacal bayan nan, a 1997, kofin ƙasa ya zo arewa karo na farko. Ta sake ci a 1998 don kada a ce sa'a ce.

Toh me ya canza a tsakani? Nan ne zancen kawu yake da ƙarfi. Kamfani ba alhaji ba ne, yana da kasafi na shekara, yana da akanta, yana da gareji da direbobi da likita, yana da al'adar biyan mutum ranar da aka ce. Duk wannan sai ya gangaro kan ekip. Ɗan wasa ya san ƙarshen wata akwai abin da zai shiga hannunsa ko an ci ko ba a ci ba, ya san inda zai kwana, in ya karye akwai mai duba shi, tafiyar kudu da ke kashe sauran ekip na arewa ta zama layi ɗaya cikin lissafin shekara. Da wannan kaɗai sai ruwa ya juya, maimakon yaran arewa su gudu kudu neman ƙwallo sai 'yan Duwala da Yawunde da ke raina zafinmu suka fara tattaro jaka suna hawowa, suna koyon cin tuwo da miyar kuka da tasba, suna koyon gaisuwa da Fulatanci da Hausa. Sannan zafin kansa ya zama ɗan wasa na goma sha biyu, ka kawo mutumin Bamenda nan a watan Maris ko Afrilu rana ta wuce 40, kafin a je hutun rabin lokaci ya gama.

Lissafin kofuna ba sai na ja shi ba: 2001, sannan shida a jere daga 2003 zuwa 2008, sai 2010 da 2011, sai 2013 da 2014 da 2015, sai 2018, sai kuma 2021 da 2022 da 2023. Goma sha takwas kenan, Canon mai tarihi tana da goma. Ka lura goma daga ciki an ci su ne kafin shekarar 2011 ta kama, wato lokacin da a takarda duk shampiyonan ƙasar na 'yan sha'awa ne. Ekip ɗaya mai albashi a cikin masu jiran firim, ai kura ce a garken awaki.

Zancen da 'yan kudu ke yi

Dole in taɓo wannan don in na tsallake za a ce na yi son kai. Iya Mohammed shi ne ya riƙe kujerar babban daraktan SODECOTON daga 1984 zuwa 2013, kuma daga 1998 shi ne ke riƙe da FECAFOOT, hukumar ƙwallon ƙasar, har 2013. Mutum ɗaya, kamfanin da ke ciyar da ekip a hannun dama, hukumar da ke naɗa alƙalan wasa a hannun hagu. Duk wanda ya taɓa zama da 'yan Canon ko Union ya ji su, wai kofunan Coton a ofis ake rubuta su. Ni ba zan ce tsarin ya yi kyau ba, ko a kasuwar Pitoa ba a son dillali ya zama shi ne mai saniya, kuma da a ce ɗan Duwala ne ya haɗa kujerun biyu da mu ma bakinmu bai yi shiru ba. Amma kofin farko na 1997 ya riga hawansa kujerar FECAFOOT, kuma bayan an kama shi a watan Yunin 2013, aka yanke masa shekara 15 a 2015 kan zargin kuɗin kamfani, ekip ɗin ta ci gaba da cin kofi har bakwai. Sannan a wasannin Afirka, a Harare ko Lubumbashi, ai babu Iya a kan usur.

Afirka ce ma'aunin gaskiya. A 2003 Coton ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, wato hukumar ƙwallon Afirka, Raja ta Kasablanka ta doke ta 2-0 a can aka tashi babu ci a nan. Sai 2008, shekarar da duk ɗan Garwa mai hankali a lokacin ba zai manta ba. A kofin zakarun Afirka, rukunin da ta faɗa akwai Enyimba da TP Mazembe ta Kwango da Al Hilal ta Sudan, ta fito a sama, ta haɗu da Dynamos ta Zimbabuwe a kusa da ƙarshe ta ci ta gida da waje, 4-0 a nan Roumdé Adjia. Sai Al Ahly ta Masar, ta su Aboutrika da Barakat da Wael Gomaa, kocinsu Manuel José ɗan Fotugal. A Alƙahira aka ci mu 2-0. Ranar Lahadi 16 ga Nuwamba aka dawo Garwa, wallahi tun hantsi gari ya koma kore da fari, 'yan moto sun ɗaura tuta, mutane sun taho daga Marwa da Guider da Ngaundere, har 'yan uwanmu na Yola da Mubi na gani, ni da kawu tun kafin azahar muka shiga muka zauna a siminti mai zafi kamar tanda da ledar ruwa a hannu. Ahmed Hassan ya fara zura mana sitad ya yi tsit kamar an yi mutuwa, kafin hutu Lassina Abdoul Karim ya rama, bayan an dawo Baba Ousmaila ya ƙara, 2-1, kuma duk da kowa ya san saura biyu ake nema babu wanda ya zauna, wani dattijo kusa da mu ya cire hularsa yana ta salati yana kuka. Dab da tashi aka ba su fanareti Shady Mohamed ya buga, 2-2. Suka ɗaga kofinsu na shida a gabanmu. Kawu bai yi magana ba har muka iso gida, sai da ya yi alwala sannan ya ce, ɗana yau Masar ta zo Garwa da tsoro, wannan ma wani abu ne.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne ekip ɗin 2008 ba ta 'yan Kamaru zalla ba ce. Golan, Kassaly Daouda, ɗan Nijar ne, haka Lassina, haka Kamilou Daouda, kocin kuma Alain Ouombleon ɗan Kodebuwa. Mu Hausawan gari 'yan Nijar ɗin nan kamar 'yan gida muka ɗauke su. Ekip ɗin da ke iya zuwa wata ƙasa ta ɗauko ɗan wasa ta zaunar da shi shekaru tana biyansa, ka kira ta ta 'yan sha'awa? Haka koci-koci, Lamine N'Diaye ɗan Senegal ya horar a nan, daga baya ya je Mazembe har ya kai ta wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob a 2010, Denis Lavagne daga nan aka ba shi ekip ta ƙasa, Sébastien Desabre shi ma ya zauna a bencin nan kafin duniya ta san shi.

Sai ɓangaren kasuwanci, wanda a ganina shi ne ainihin alamar ƙwarewa. Coton ta gina wurin horar da yara, ta koyi abin da kamfanin uwarta ya daɗe yana yi, a shuka a nan a sayar a waje. Jacques Zoua ya tafi Basel a 2009. Vincent Aboubakar ya je kofin duniya na 2010 yana ɗan shekara 18, shi kaɗai ne mai wasa a gida cikin tawagar, daga nan ya wuce Valenciennes a Faransa. Edgar Salli ya tafi Monaco a 2011, Ambroise Oyongo ya tafi Amurka a 2014, Moumi Ngamaleu Ostiriya a 2016, Souaibou Marou ya je kofin duniya na Qatar sannan Orlando Pirates ta ɗauke shi. Ranar da Kamaru ta ci kofin Afirka a Libreville a 2017, Aboubakar da Zoua da Salli da Oyongo duk suna cikin tawagar, kuma Aboubakar ne ya ɗaga ƙwallo ta kan ɗan bayan Masar ya zura ta biyun. Daren nan a Garwa ba Kamaru muke yi wa murna ba kawai, bashin 2008 muke karɓa.

To 2011 ɗin fa, me ta kawo?

Suna ta kawo, da ofis, da alƙawarin tallafin gwamnati, da dokar cewa kowane ɗan wasa sai da kwantiragi. Ga Coton kusan babu abin da ya canza don dama haka take rayuwa. Ga sauran kuwa riga aka sa musu wadda ta fi su, shugaban ekip mutum ɗaya ne har yanzu, aljihunsa ne har yanzu, sai dai yanzu akwai takarda da ke cewa yana bin yara albashin wata kaza. Ƙungiyar 'yan wasa ta SYNAFOC da Geremi Njitap ya jagoranta ta sha fitowa tana kuka kan albashin da ba a biya. Lig ɗin da FECAFOOT suka yi ta rigima har kotun wasanni ta duniya, ana dakatar da wannan ana rushe wancan, har Samuel Eto'o ya hau kujerar FECAFOOT a Disamban 2021. Ekip na arewa irin su Sahel ta Marwa da Danay ta Yagoua da Espérance ta Guider sun leƙa rukuni na ɗaya a lokuta daban-daban sun sauko, hanyar nan dai ta Ngaundere ita ke cinye su.

Ina da misali a gida. Ɗan yayata, yaro mai ƙafar hagu kamar an zana, wata ekip da ba zan ambaci sunanta ba ta ɗauke shi, aka yi masa lisans aka ɗauki hoto da riga aka sa a Facebook, uwarsa har da raba goro. Wata biyu aka biya. Na uku aka ce a jira tallafi, na huɗu shugaban ya daina ɗaga waya, ranar da gwiwarsa ta goce a wani filin tsakuwa mu muka haɗa kuɗin asibiti, kuma da wata ekip ta nemi ɗaukarsa sai aka riƙe lisans ɗin aka ce sai an biya kuɗin saki. A takarda ƙwararre ne, a zahiri ko ɗan sha'awa na zamanin kawu ya fi shi 'yanci, don shi wancan aƙalla yana da garejinsa da zai koma Litinin.

Inda na rabu da kawu shi ne nan: shi yana ganin tunda auduga na nan Coton na nan, magana ta ƙare. Ni kuma ina ganin alhajin nan na da bai tafi ko'ina ba, girma kawai ya yi ya zama kamfani. Kuɗin ƙofa ba ya riƙe ekip, mu 'yan kallo mun san nawa muke biya kuma mun san nawa ne ke shiga ta katanga, kuɗin talabijin ba abin kirki ba ne, sayar da yara kuma wata shekara a samu wata a rasa. Abin da ya rage shi ne kamfanin da ribarsa ke rataye da damina da farashin taki da dala da kuma audugar da ke sulalewa ta kan iyaka in farashin can ya fi. Manomin Touboro da bai taɓa taka Roumdé Adjia ba yana da hannu a kowace ƙwallo da aka ci, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma Afirka ta yi gaba ta bar mu a inda muke. A 2013 an kai kusa da ƙarshe na kofin zakaru, Al Ahly ɗin nan dai ta fitar da mu a bugun fanareti bayan 1-1 gida da waje, a 2014 ta sake tare mu a kusa da ƙarshe na kofin Konfederashan, a 2021 JS Kabylie ta Aljeriya ta yi mana haka. Amma a kakar 2022 zuwa 2023, da aka haɗa mu rukuni ɗaya a kofin zakaru da Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu da Al Ahly da Al Hilal, wasa shida aka yi aka ci mu duka shida, ko maki ɗaya babu, alhali a shekarar muka ɗauki kofin gida. Albashin da ya sa ka zama sarki a Kamaru a 1997 yanzu bai kai abin da Sundowns ke ba yaron benci ba, yaro na fara haske ake ɗauke shi tun bai nuna ba, a bar koci yana sake gini duk shekara. A gida ma 2024 Victoria United ta Limbe ce ta ɗauka.

Sitad ɗin dai yanzu ya yi kyau, gyaran da aka yi don kofin Afirka na Janairun 2022 ya canza shi, kujeru sun maye simintin da ya gasa mu, nan Najeriya ta ci Masar 1-0 Iheanacho ya zura, nan kuma Tunisiya ta kori Najeriya 'yan Yola suka koma gida ba sallama. Kawu ƙafa ta hana shi hawa matakala, a rediyo yake bin mash yanzu yana zagin koci daga kan tabarma. Ɗan yayata kuma moto yake ja tsakanin babbar kasuwa da Djamboutou, ranar Lahadi da sassafe yana zuwa ƙwallon tsofaffi da ake kira de-zero, yana ɗaure gwiwar da bandeji, kuma har yanzu rigar Coton mai lamba 10 yake sawa, wadda ya saya a gwanjo.